Wanda yac ce mai bincike a wuya bai cancanci takara ba, in ta hwaɗo bisa kainai hwa?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Wani tsohon bidiyon Trump na kamfen ɗin 2016 nig gani ana ta turawa kuma wallahi tun jiya abin na cina shi yas sa nic ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Lokacin ana saura kwana 11 zaɓe shugaban FBI James Comey yar rubuta ma majalisa cewa sun sake duba maganar imel ɗin Hillary Clinton, to Trump sai yad ɗauki abin shina yawo da shi jiha jiha shina hwaɗin wai bai kamata ma a bar ta ta tsaya takara ba, wai in tac ci zaɓe za a samu shugabar ƙasa da ka zuwa kotu gwamnati ta tsaya cik, magoya bayanai na ihu a kulle ta a kulle ta. Matar ga ko tuhuma guda ba a kai ta kotu ba. Shi kuwa a 2023 sau huɗu anka gurhwanar da shi, a watan Mayun 2024 kotun New York ta same shi da laihi 34, bai janye ba, yat tsaya yac ci zaɓe. Ni ba Amurka ad damuwata ba, abin ga shi muka gani kullum nan gida. Mutum ya hau mumbarin kamfen ya ce wane ɓarawo na EFCC na nemanai, bayan shekara huɗu ka gan su mota guda, ko kuma shi kainai EFCC ta kira shi ya ce bi ta da ƙullin siyasa ta. Tambayata, mu masu jefa ƙuri'a ya dace mu riƙe su da maganar bakinsu ko ko a'a?

Abu Yusra Arkilla: Wa alaikumus salam. Ya dace mana. Mudun da ka auna ma wani da shi za a auna maka. In ka ce bincike kaɗai ya isa ya hana mutum takara to ranar da anka buɗe fayil naka ka aje fom ka koma gida, shi ke nan ba wani dogon turanci.

Barista Na Gawon Nama: Ku yi haƙuri in shigo ta wajen doka don kar mu haɗa abu biyu. Akwai abin da ɗan siyasa ya faɗa, akwai kuma abin da tsarin mulki ya ce. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 137 da ya yi maganar shugaban ƙasa da na 182 na gwamna, abin da suke hanawa shi ne wanda kotu ta yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe. Gayyatar EFCC ba hukunci ba ce, kwana biyu a ofishinsu ba hukunci ba ne, har gurfanarwa ma ba hukunci ba ce. Saboda haka Trump na 2016 shi ne bai da gaskiya, ba wai na 2024 ya karya doka da ya tsaya ba, don tsarin mulkinsu bai hana ba.

Ɗan Mabera: Barista na ji, amma ni ba doka nika tambaya ba, amana nika tambaya. Mutumin da yas san doka ba ta hana ba amma yaz zo yac ce ma talakawa ta hana don ya ɓata abokin karawatai, mi as sunanai?

Barista Na Gawon Nama: Maƙaryaci, ban musa maka ba. Abin da nake tsoro shi ne mu ce tunda sun faɗa to a mayar da ita doka a kansu duka. Mun gwada wannan a ƙasar nan kuma mun ga inda ta kai mu. 2006 gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike ya ce ya samu Atiku da laifi, a 2007 INEC ta cire sunansa daga takarar shugaban ƙasa, sai ranar 16 ga Afrilu kwana biyar kafin zaɓe Kotun Ƙoli ta ce INEC ba ta da hurumin cire ɗan takara. A Ribas PDP ta cire Amaechi bayan ya ci fidda gwani ta sa Omehia, a watan Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ce Amaechi ne gwamna alhali ko fostarsa ba a manna ba ranar zaɓe. In ka ce bincike ya hana takara to ka miƙa wa mai mulki almakashi ne, duk wanda yake tsoro sai ya aika a buɗe masa fayil wata uku kafin zaɓe.

Hajiya Maman Ihsan: Ni dai ina karatu ina jin takaici. Barista duk abin ga da kac ce na manya na. Ɗan ƙanwata anka kama kan zargin waya da ta ɓace a shagon da shika aiki, yaro bai kai ashirin ba, ya hi shekara a tsare ana jiran shari'a, ni ka kai mai abinci wani lokaci, ka bi layi da kwano cikin rana, ma'aikaci ya buɗe ya sa cokali ya tona tuwon har ƙasa ya ce ki ɗanɗana, in kin shiga minti nawa za a ba ki, yaron ya rame wuyanai kamar a tsinke shina ce mani inna ki ce ma alƙali ya saurare ni ko sau guda. Daga baya mai shagon ma bai sake zuwa kotu ba anka sallame shi. Ina sashe na 36 ɗin yat tahi lokacin? Wanda ad da zargin biliyoyi kuwa kwana guda ya yi beli ya hito ana mai kiɗi. To don Allah ku bar ce muna mara laihi na har sai kotu ta tabbatar, a ƙasag ga mai kuɗɗi kaɗai ka cin wannan gajiyar.

Barista Na Gawon Nama: Hajiya Allah ya saka wa yaron nan, abin da aka yi masa zalunci ne kuma irinsa sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa a gidajen yarinmu. Amma maganinsa a ba shi haƙƙin da aka hana shi, ba a ƙwace na kowa ba.

Hajiya Maman Ihsan: Amin. Amma har a ba shi ɗin ni ba ni jefa ma mai shari'ar kuɗɗin jama'a ƙuri'ata, doka ta bar shi ya tsaya ni kuma ba ta tilasta mani in zaɓe shi ba.

Sarkin Yaƙin Runjin Sambo: Ku daina kewaye kewaye ku zo gida. Watan Agustan 2025 da EFCC ta tsare tsohon gwamnan Sakkwato Tambuwal kan zargin hidda kuɗɗi naira biliyan 189, mi munka gani a Facebook? Yaran da sunka kwashe shekaru suna kiran a kama wane a kama wane su na sunka koma rubutun bi ta da ƙulli, waɗanda kuma in an taɓa nasu uban gidan suka cewa a bari kotu ta yi aikinta su na sunka yanke mai hukunci tun kahin ya hito washegari. Ɓangare biyun dut hali guda. Kuma in kun lura bai daɗe da shiga tahiyar haɗakar ADC ba anka kira shi, shekara biyu da barinai gwamnati suna ina?

Ɗan Gidan Igwai: To Sarkin Yaƙi don ya shiga haɗaka sai a ƙyale shi? kenan duk wanda ya san yana da kashi a gindi sai ya ruga adawa ya samu rigar kariya kyauta. Ni ban ce ya ci ba ban ce bai ci ba, zargi ne, amma kuɗin Sakkwatawa ake magana a bar su su bincika

Sarkin Yaƙin Runjin Sambo: Ban ce a ƙyale shi ba ɗan uwa. Cewa niy yi a bincika kowa lokaci guda da ma'auni guda. Kai ba ka ji abin da Oshiomhole yah hwaɗi a Benin a watan Janairun 2019 ba shina shugaban APC na ƙasa, cewa in ka shigo jam'iyyarsu an yahe zunubanka? Bisa mumbari hwa, gaban kyamara. Wanga ba tsohon zance na da za a ce an manta ba, abin da mutane ka gani da idonsu na.

Ɗan Gidan Igwai: Ya faɗa kuma bai kyauta ba. Amma Dariye sanatan APC ne lokacin da aka ɗaure shi shekara 14 a 2018, Orji Kalu ma sanatan APC ne aka ba shi shekara 12 a Disambar 2019. Ai da yafiyar gaskiya ce da ba su shiga gidan yarin Kuje ba

Sarkin Yaƙin Runjin Sambo: Ƙarasa labarin mana. Kalu wata nawa yay yi? Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin don alƙalin an riga an ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara yad dawo yaƙ ƙarasa shari'ar, yak koma kujerarshi ta majalisa. Dariye da Jolly Nyame kuwa Afrilun 2022 anka yi masu ahuwa ƙarƙashin Buhari, wanda munka sha rana munka zaɓa don yaƙi da cin hanci. Ni ranar da nij ji labarin ga a rediyo ina Tsohuwar Kasuwa ban iya ƙarasa cinikin da nika yi ba.

Malam Buba Kanwuri: Assalamu alaikum. 'Yan uwa ina son in ja hankalinmu ga abin da muka sani tun muna makarantar zaure. Ƙa'idar shari'a ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Allah ya ce a Suratul Hujurat in fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, kuma a cikin surar dai ya hana mu yawan zato. Saboda haka ɗan takarar da ya hau mumbari ya kira abokin hamayyarsa ɓarawo ba tare da hujja a hannu ba ya ɗauki nauyi, ko da daga baya ta tabbata. Amma kuma kada mu tsaya nan, a Suratun Nisa'i an umurce mu mu tsayu da adalci ko da a kan kawunanmu ne ko iyaye da dangi. Annabi SAW da aka zo neman alfarma ga matar nan ta Banu Makhzum cewa ya yi abin da ya halaka na gabaninmu shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. To abin da Ɗan Mabera yake kuka da shi ke nan. Laifin ba wai sun canza ra'ayi ba ne, mutum na iya gane gaskiya ya dawo. Laifin shi ne ra'ayin yana canzawa ne daidai ranar da abin ya zo kansu, kuma ba wanda ya taɓa fitowa ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa suna.

Abu Yusra Arkilla: Allah shi saka da alheri Malam. Maganar neman gahwara ita ta. Obasanjo a Agustan 2018 cewa yay yi Allah ba zai yahe mai ba in ya goyi bayan Atiku, watan Oktoba sai ga shi a Abeokuta ya ce ya yahe mai ya mara mai baya. To zarge zargen da yay yi shekara da shekaru hwa, gaskiya ta ko ƙarya ta? In gaskiya ta don mi za ka ce mu zaɓe shi, in ƙarya ta don mi ba ka ce ka yi mai ƙazahi ba? Ba a ba mu amsa ba har yau.

Ummu Khalil: nima abinda ke bani mamaki kenan, Keyamo shine lauyan da ya tsaya ma EFCC a shari'ar Fani Kayode, sai gasu a kwamitin kamfen guda na Tinubu a 2023 suna kare mutum guda

Barista Na Gawon Nama: Ummu Khalil wannan kam da bambanci, aikin lauya ya yi kuma kotu ta sallami Fani-Kayode a waccan shari'ar a 2015. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne na Ribadu, 2006 ya tsaya gaban majalisar dattawa yana shugaban EFCC ya ce gwamnoni 31 cikin 36 ana bincikensu. Ku ƙirga nawa ne aka kai ƙarshen shari'arsu. Sashe na 308 ya hana a gurfanar da gwamna yana kan kujera, ko da yake Kotun Ƙoli a ƙarar da Gani Fawehinmi ya kai ta ce ana iya bincikensa, to sai ya sauka a fara, lauyoyi su yi ta ɗage ɗage, alƙali ya yi ritaya ko a canza shi a koma farko, shaidu su mutu. Ibori tsohon gwamnan Delta kotun tarayya a Asaba ta kori tuhuma 170 da aka yi masa a 2009, a Landan kuma da bakinsa ya amsa laifi a 2012 aka ba shi shekara 13. Mutum ɗaya fa.

Dattijo Na Marina: Yara ku bari in tuna maku na gida tunda da yawanku kuna ƙanana. Bafarawa ya sauka daga kujerar gwamnan Sakkwato 2007, EFCC ta kai shi kotu a 2009 kan kuɗɗi wajen biliyan 15, shari'ag ga ta yi ta ja har 2018 sannan babbar kotun jiha ta sallame shi ta wanke shi. Kusan shekara tara. A tsakanin nan ba irin sunan da ba a kira shi da shi ba wurin kamfen, kuma cikin masu kiran akwai waɗanda daga baya sunka zauna inuwa guda da shi, waɗanda sunka kare shi kuma wasu sunka koma can. Ni ba ni cikin tahiyar kowa yanzu, ƙahwahuna ma ba su kai ni taro. Abin da nika so ku gane, da an bi maganar Abu Yusra da mutum ya zauna shekara tara ba takara kan abin da kotu tac ce bai tabbata ba. Da kuma ya ci ɗin gaskiya, to shekara tara ana jan ƙahwa ai an cuci jama'a. Ta kowace huska jinkirin shi ab babbar cuta.

Abu Yusra Arkilla: Baba ban ce doka ta hana kowa ba. Cewa niy yi wanda YAH HWAƊI da bakinai cewa mai bincike bai cancanta ba, shi ya hwara aiki da ita. Wanda bai taɓa hwaɗi ba ba ruwana da shi.

Dattijo Na Marina: To a nan mun daidaita ɗana.

Ɗan Illela Boda: Mu da ke bakin iyaka mun ga irin ta a Nijar. Hama Amadou yana kurkukun Filinge ya yi takarar 2016 har ya kai zagaye na biyu da Issoufou, mutanenshi a Konni suna cewa sharri ne, mutanen gwamnati kuma suna cewa shari'a ce. Senegal ma Diomaye Faye kwana goma kafin zaɓen Maris 2024 aka sako shi daga kurkuku ya ci tun zagayen farko. Lula na Brazil ya yi kwana 580 a tsare daga baya kotun ƙoli ta soke hukuncin ya dawo ya ci 2022. Ba kowane wanda gwamnati ta kama ne ɓarawo ba jama'a

Hajiya Maman Ihsan: Ba kuma kowane wanda yac ce sharri anka yi mai am mai gaskiya ba. Kowa ya iya wannan kukan yanzu.

Malama Asabe Tudun Wada: Ni ma'aikaciyar gwamnati ce shekara da shekaru, abu ɗaya nake so Barista ya amsa min. A ƙa'idar aiki in ana tuhumar ma'aikaci da laifi mai nauyi dakatar da shi ake yi a riƙa ba shi rabin albashi har a gama, ba a ce ya yi laifi ba amma an janye shi daga wurin kuɗi da fayil. Na ga an yi wa wani akawu a ofishinmu, mutum mai 'ya'ya bakwai, ya koma yin kabu kabu da yamma kafin a wanke shi. To me ya sa akawu mai mataki na 7 za a ce ya matsa gefe, amma mai neman riƙe baitulmalin jiha gaba ɗaya a ce masa bismillah, in ya ci ma ya samu kariyar shekara huɗu ko takwas? Theodore Orji yana tsare a hannun EFCC ya ci gwamnan Abia a 2007, aka yi belinsa aka rantsar da shi, shari'a ta tsaya.

Barista Na Gawon Nama: Malama tambayarki ta fi ƙarfin amsa ɗaya. Bambancin shi ne akawu gwamnati ce ta ɗauke shi, ɗan takara kuma jama'a ne za su ɗauke shi, kuma mai binciken nasa sau da yawa yaron abokin takararsa ne, shugaban EFCC shugaban ƙasa ne ke naɗa shi majalisar dattawa ta tabbatar. Ni abin da zan goyi baya shi ne a sa wa shari'ar masu neman muƙami wa'adi kamar yadda aka sa wa ƙarar zaɓe kwana 180, kuma a cire kariyar 308 ga shari'ar da aka riga aka fara kafin mutum ya hau. Amma masu gyara dokar su ne masu cin moriyarta.

Ɗan Mabera: To ni ga abin da nika gani za mu iya da hannunmu tunda 2027 na tahe. Duk wanda yah hito takara a jihag ga, gwamna ko sanata ko ɗan majalisa, kowace jam'iyya, mu tattara abin da yat taɓa hwaɗi kan binciken abokan hamayyatai, bidiyo ko muryar rediyo da kwanan wata, ba rubutun da wani yaƙ ƙirƙira ba. In sun zo hira gidan rediyo ana buɗe layi mu kira mu tambaye su cikin ladabi, ranka shi daɗe shekara kaza ka ce kaza, har yanzu kana bisa kai ko ka sauka, in ka sauka ka nemi gahwarar wane?

Ɗan Gidan Igwai: Na yarda amma da sharaɗi, a fara da na kowa har wanda admin ke so, kar a zo a tara na ɓangare ɗaya a ce bincike ne

Ummu Khalil: kuma a kula da bidiyon da ake yankewa da na AI don Allah, kwanaki an turo wani nan gidan ashe murya aka ɗora

Sarkin Yaƙin Runjin Sambo: Layin rediyon ma in sun ji inda ka dosa yanke shi suka yi. Amma a tara ɗin, ni ina da na 2019 da yawa a tsohuwar wayata in ta yarda ta kunnu, Barista kai za ka duba muna wanda ba zai ja ma kowa ƙarar ɓata suna ba kahin a saki.

Barista Na Gawon Nama: Ku turo min ta inbox, amma cikakke nake so daga farkon jawabin har ƙarshe da sunan garin da aka yi taron, guntun sakan talatin ba zan karɓa ba.